Baturiyar Batagarawa

Akwai maganar da ƙane ba ya faɗa wa wansa ido da ido, ko da kuwa su biyun furfura ta fara sauka a gemunsu. A gidanmu da ke ƙasar Mai Yara, tun ranar da aka rufe mahaifinmu Yaya ya zama uba. Shi ya riƙe gandu, shi ya aurar da 'yan'uwanmu mata, shi ya kora bijiminsa guda ɗaya tilo zuwa kasuwa shekarar da na sami gurbin karatu a Zariya. Saboda haka da uwargidansa ta bugo mini waya a tsakiyar Agusta, muryarta ƙasa-ƙasa, ta ce an soma zancen ɗaurin auren 'yarsu da zarar an yi kaka, kuma in an buɗe makarantu a Oktoba ba za ta koma ba, na san ba ni da bakin da zan ce masa ya yi kuskure. Na dai hau motar Dakoro daga Maradi, na sauka a hanya, ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da ni cikin yashi. Har na isa ban shirya ko kalma ɗaya ba.

Yarinyar shekarunta 15, saura mata aji guda ta zana jarrabawar BEPC ta kammala kwaleji. Tun tana firamare matan unguwarmu suka ɗauke ta magatakardar asusunsu. Irin asusun nan ne na Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta soma tare da matan ƙauyukan jihar Maradi a 1991, daga baya salon ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Mata su taru duk mako, kowace ta zuba abin da aka yanka, a ajiye cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku daban-daban. Mai bukata ta ranta, ta mayar da ɗan ƙari, in shekara ta zagayo a buɗe a raba. Iyayenmu mata da ka suke riƙe lissafin, kuma da wuya ka ji dala ta ɓata. Da yarinyar nan ta iya rubutu sai suka miƙa mata littafi da biro.

Wannan littafin kowa ya san da shi. Akwai na biyu, wanda sai a wannan zuwan na gan shi, uwarta ta zaro mini shi daga ƙarƙashin katifa. Ba wanda ya sa ta. Duk ranar kasuwa, shekara biyu cur, ta rubuta kuɗin tiyar hatsi, da ta wake, da ta gujiya. Ta rubuta tiya nawa ta gujiya ke ba da kwalba nawa ta mai, ƙuli-ƙulin nawa ake samu, me ya rage wa mai suya bayan an cire kuɗin itace da na niƙa. A wani shafi ta ja layi a tsakiya, gefe guda matar da ta sayi tunkiya da rancen asusu, ɗaya gefen wadda ta sayi hatsi a kaka ta adana, ta bi su wata-wata don ta ga wadda ta fi fita. Na zauna bakin gado ina juya shafukan har aka kira la'asar.

Kada mai karatu ya ɗauka Yaya azzalumi ne. Kwalejin ba a ƙauyenmu take ba, dole yarinya ta zauna a gidan wasu, kuma ya ga abin da ya sami 'yar wani makwabcinmu a irin wannan zama. Ya ga samari masu takardu suna zaman kashe wando a bakin shago, suna jiran ɗan'uwan da bai yi boko ba ya aiko musu daga Libiya. Wanda ya fito neman auren yaron kirki ne, yana da sana'a, ana ganinsa a sahun farko. Sannan akwai bashin hatsi da Yaya ya ci tun bazara a wurin kawun yaron. Ba wanda ya haɗa maganar bashin da ta auren, amma ba wanda ya manta da shi. A Nijar, yawancin 'yan mata ana aurar da su kafin su cika 18, jiharmu kuma tana cikin na gaba-gaba. Yaya ba abin da ya ƙirƙiro, turbar da ya tarar yake bi.

Bayan isha'i aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka ɗora shayi. Akwai Yaya, da na'ibin liman, da makwabta uku, da shi kawun yaron. Hira ta gangaro kan wasu baƙi da suka zo watan jiya cikin farar mota, ma'aikatan wani shirin taimako, kowa da allon hannu mai haske. Sun tara magidanta a gindin dogon yaro, suka tambayi kowa dami nawa ya samu bara, awaki nawa, baki nawa yake ciyarwa, kafin azahar sun gama gari sun tada ƙura. Wani makwabci ya ce shi rabin abin da ya girbe ya faɗa. Wani ya ce shi 'ya'ya biyu ya ƙara. Aka yi dariya. Na ce, mata fa, an tambaye su? Aka ce me za a tambaye su, su da ba su da rumbu.

Sai na ce, "Yaya, wannan ya tuna mini da wata mata da na karanta littafinta a Zariya. In ba ku gaji ba, in ba ku labarinta."

Ya ce, "Dare ai namu ne. Bismillah."

Sunanta Polly Hill. An haife ta a 1914 a Kambirij, garin ilimi na ƙasar Ingila, kuma a gidan malamai ta buɗe ido. Mahaifinta, A. V. Hill, yana cikin waɗanda aka ba lambar Nobel ta 1922, saboda bincikensa kan yadda tsokar jiki ke aiki. Kakarta ta wajen uwa ta riƙe muƙamin magajin garin Kambirij a 1932. Kawunta kuwa, wan mahaifiyarta, shi ne John Maynard Keynes, mutumin da har gobe duk ɗalibin tattalin arziki, a Yamai yake ko a Zariya, sai ya kwana da sunansa a baki. Ita ma fannin kawun nata ta bi. Ta shiga Newnham, ɗaya daga cikin kwalejojin mata na garin, ta gama a 1936, shekarar da kawun ya fitar da littafin da ya sauya tunanin gwamnatoci kan rashin aikin yi.

To amma ga abin da jami'ar ke yi wa mata a wancan zamani. Su zana jarrabawa iri ɗaya da maza, malamai ɗaya su duba, wani lokaci mace ta wuce duk mazan shekararta, sannan a ba namiji cikakken digiri da ƙuri'a a majalisar jami'a, ita kuwa a ba ta takarda mai sunan digiri kawai, ba ƙuri'a, ba ta cikin 'yan gida. Haka aka yi wa 'yar ƙanwar Keynes. Ba a daina ba sai 1948.

Na'ibi ya gyara zama ya ce, "Turawa da kansu?"

Na ce, da kansu, Malam, kuma ba da wasa ba. A 1897, da aka kaɗa ƙuri'a kan ko a ba mata digiri, ɗalibai maza suka haɗa mutum-mutumin mace a kan keke suka rataye shi ta taga, da aka kayar da maganar suka cika tituna da murna. A 1921 aka sake kayar da ita, suka ɗauko amalanke suka fasa ƙofar kwalejin Newnham. Hujjojin manyansu kuwa ba za su yi muku baƙunta ba: karatu mai zurfi zai gajiyar da mace, gida zai lalace, ina amfanin kashe kuɗi a kan wadda gobe za ta tafi ɗakin miji. Har da babban malaminsu na tattalin arziki, Alfred Marshall. Shi ɗalibarsa ya aura, Mary Paley, wadda take cikin mata biyar na farko da aka fara kwalejin Newnham da su. Ta ci jarrabawa a 1874, ta koyar da tattalin arziki, suka rubuta littafi tare da shi a 1879. Da ya yi suna sai ya bar littafin ya ɓace daga kasuwa, ya kuma fito fili yana adawa da a ba mata digiri. Bayan rasuwarsa ita ta riƙa kula da ɗakin karatun da ke ɗauke da sunansa, tana jera wa ɗalibai littattafai har ta haura shekara 80.

Sai a 1998, shekara 50 bayan an buɗe ƙofar, jami'ar ta gayyato matan da ta danne wa haƙƙi don ta karrama su. Kimanin 900 suka zo, tsofaffi tukuf, wasu na dogara sanda, wasu ana tura su a kujera. An girmama su yadda ya kamata. Shekarun da aka ɗauke musu ne ba wanda ya iya mayarwa.

Yaya na ta ɗaga buta yana tsiyayo shayi daga sama, kumfa na tashi, bai ce uffan ba.

Polly ba ta shiga koyarwa ba bayan karatu. Ta yi aikin gwamnati a shekarun yaƙin duniya na biyu da bayansa, ta yi aikin jarida a wata mujalla ta Landan mai suna West Africa. Sai a 1954, tana da shekara 40, ta soma bincike a jami'ar ƙasar Gana, lokacin ƙasar ba ta sami 'yanci ba. A can ta tarar da wata magana da kowane ofis ya haddace: wai manomin koko ƙaramin talaka ne mai 'yar gonar gado, bai san tanadi ba, bai san jari ba. Maimakon ta kwafa ta wuce, sai ta shiga daji. Ta bi gonaki, ta nemo tsofaffin taswirori, ta zauna da dattawa. Ta gano tun cikin shekarun 1890 manoma daga tsaunukan Akwapim suke haɗa kuɗi ƙungiya-ƙungiya, su yi ƙaura su sayi daji a ƙasar Akim, su raba gwargwadon abin da kowa ya zuba, ribar gonar farko su sayi ta biyu da ita. Irin waɗannan manoma ne suka ɗaga ƙasar har ta fi kowace fitar da koko a duniya. Littafinta na 1963 ya rushe tsohuwar maganar. A Kumasi kuma ta zauna da mutanen zango, ta rubuta yadda masu masauki da dillalai ke tafiyar da cinikin shanu a kan amana da bashi, ba banki, ba sa hannu. Kawun yaron, da ya taɓa cin rani a Kumasi, ya ce wannan kam gaskiya ne, ya shiga lissafo unguwannin da ya zauna. Na bar shi ya gama.

Daga nan ta iso ƙofar gidanmu. A 1967, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke a Najeriya, tana da shekara 53, ta sauka Batagarawa, kudu kaɗan da birnin Katsina. Daga Maradi zuwa Katsina bai kai kilomita 100 ba. Harshe ɗaya, hatsi ɗaya, hadarin da ya tsallake su shi ke sauka a kanmu. Ba ta tara mutane a gindin itace ta gama kafin azahar ba, watanni ta yi. Aka zana taswirar gonakin garin, kowace gona da mai ita, wadda aka gada, wadda aka saya, wadda ke hannun jingina. Ta ƙirga gidajen manoma 171. Sannan ta nemi 'yan garin da suka san cikin kowa su rarraba mata gidajen, ba bisa riga ko rawani ba, bisa tambaya guda: in damina ta yi gardama, wa zai tsaya da ƙafarsa, wa zai yi tangaɗi, wa zai faɗi? Rukuni huɗu suka fito.

Na saman ba su da wuyar ganewa. Gonakinsu sun sha taki, 'ya'yansu na cikin gandu, suna da ƙarfin rufe rumbu su jira hatsi ya yi daraja. Abin da ta gani a rukunin ƙarshe shi na tsaya na warware a hankali, domin na san kowa a tabarmar nan ya san shi a jikinsa. Mutum yana da gona, amma talauci ya hana shi noma ta. Ruwa ya sauka rumbunsa fayau, dole ya tafi ƙwadago gonar mai hali don a ɗora tukunya yau. Tasa gonar ciyawa ta cinye, sai ya shiga noman farko lokacin da wasu ke maimai. Takin da zai kai gona ya riga ya sayar. Ya ci falle, dami ɗaya a biya biyu in an yi kaka, ɗan'uwan abin da mu nan muke kira a-ci-ba-daɗi. Kaka ta yi, masu bashi na tsaye a bakin gona, ya sayar da hatsi lokacin da ya fi arha, ya dawo ya saye shi lokacin da ya fi tsada, wani lokaci daga hannun wanda ya sayar wa. Jami'an birni suna rubuta manoman karkara kamar duk abu guda ne, kamar tsabar gero a ƙwarya. Ita ta ce sam, tazarar da ke tsakanin gida da gida a ƙauye guda ita ce maganar. Ta kuma lura arzikin ƙauye ba ya cika daɗewa a gida ɗaya. Mai hali ya rasu, a raba gonaki, gandu ya watse, ɗan da aka haifa cikin wadata ya wayi gari yana neman ƙwadago.

Nan tabarma ta yi tsit. Kawun yaron ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Ban dube shi ba, ban kuma dubi Yaya ba.

Amma abin da ya fi jan hankalinta ba a gona yake ba. Hatsin da mutanen garin ke saye kullum ba a filin kasuwa ake auna shi ba. Matan aure suna cikin kulle, ba a ganinsu a waje da rana, duk jami'in da ya zo a zaure zai tsaya, ya rubuta cewa mata ba sa aikin kome. Ita da yake mace ce sai ta wuce zaure. Ta tarar kusan kowace mace da sana'arta. Wannan na auna hatsi, waccan na matsar man gyaɗa, ga mai fura, ga mai tuwon sayarwa, ga mai ƙosai. Yara su ne ƙafafunsu, su kai kaya, su kawo kuɗi, su kawo labarin yadda ake sayarwa a gidan gaba. Manomi mai hali ma in zai fitar da hatsinsa, matarsa yake ba ta auna masa. Kuɗin mace kuwa nata ne, mijinta bai isa ya taɓa ba sai da rance. Ta kamanta abin da saƙar zuma: ɗaki-ɗaki, kowanne a rufe, amma duk a haɗe. A 1969 ta buga maƙala kan wannan ɓoyayyen ciniki na ƙasar Hausa, a 1972 ta fitar da littafinta Rural Hausa. Babban kaso na littafin ƙamus ne na kalmominmu, gandu, gayauna, jingina, ƙwadago, kowace da dogon bayaninta, domin kalmomin da ta koyo a Kambirij ba su da mazubin da zai ɗauki rayuwarmu.

Na ce musu, ni abin da ke tsaya mini a rai duk lokacin da na tuna da matar nan shi ne nisan da ta yi kafin ta ga abin da ke bayan danga. Ta ƙetare teku, ta jira har ta haura hamsin, tana tambaya ana fassara mata, tana neman sanin abin da 'yar shekara bakwai mai tallar fura ta sani tun da safe. Kuma da wannan aka san ta a jami'o'in duniya. Nakan ce a raina, da a ce a ɗaya daga cikin gidajen nan 171 akwai wata yarinya mai littafi da biro, wadda ba ta bukatar tafinta, wadda aka haifa cikin saƙar zuman, aka kuma bar ta ta yi nisa, wane irin littafi za ta rubuta? Wataƙila ma an yi ta. Wataƙila an ɗaura mata aure bayan kakar 1967, littafin ya tafi cikin kayan ɗaki, gara ta cinye shi.

Na'ibi ya ce, "Allah Ya sa mu dace." Yaya ya miƙo mini kofi na uku, bai ɗago ido ba.

A wajenmu babu kulle irin na Batagarawa ta wancan lokaci, matanmu na fita gamanarsu, wato 'yar gonar kansu. Sai dai gamanar kullum ƙanƙancewa take yi. Tun 2004 wasu masu bincike mata biyu, Marthe Diarra Doka da Marie Monimart, suka rubuta yadda ƙarancin ƙasa a kudancin Nijar ke ture mata daga noma, domin in gona ta yi wa gida kaɗan, ta mace ake fara karɓewa. Abin da ya rage musu shi ne suya, da kiwon awaki, da akwatin asusu, kuma da waɗannan ake riƙe gidaje da yawa daga bazara zuwa sabon hatsi. Su ne ba sa shiga allon baƙin farar mota. Masu riƙe allon kuwa ba daga wata duniya suka zo ba. 'Ya'yanmu ne, an haife su a bayan danga, iyayensu mata da kuɗin ƙuli-ƙuli suka saya musu takalmin zuwa makaranta. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Sauran labarin ban ja shi ba. Daga 1971 zuwa 1972 ta zauna Ɗorayi, gefen birnin Kano, lokacin tana ƙauye mai cunkoson gonaki da manyan gidaje, littafin ya fito a 1977. Ta tafi Karnataka ta ƙasar Indiya don ta kwatanta manoman hatsinsu da namu. A 1986, tana da shekara 72, ta fitar da littafin da ta gurfanar da masana tattalin arzikin raya ƙasa, tana tuhumarsu da gina bene a kan alƙaluman da ba wanda ya taka gona ya tabbatar. Muƙami mafi girma da ta riƙe a Kambirij, daga 1973 zuwa 1979, yana ƙasa da kujerar farfesa. Ta rasu cikin Agustan 2005, tana da shekara 91.

Da na faɗi watan da shekarar, ba sai na ƙara kome ba. Kowa a tabarmar ya san inda yake a Agustan 2005. Ruwa ya ɗauke da wuri a daminar 2004, fari suka bi abin da ya rage. Hatsi bai ɓace daga kasuwa ba, yana nan jibge, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin hannu. Jiharmu da ke ciyar da wasu jihohi ita ce ta cika tantunan likitoci da ƙananan yara, a Maradi da Dakoro. Mata suka koma jiƙa anza. Maza suka tafi biɗa, wasu suka kulle rumbu suka tafi da makulli. Duk abin da matar nan ta zayyana a Batagarawa shekara 38 kafin nan, sai ga shi a ƙofar kowa: wanda ya sayar a kaka shi ke tsaye gaban mai awo a Agusta, hannu a kumatu. A shekarar ne Yaya ya jinginar da gonarmu ta gabas da rijiya. Shekara huɗu tana hannun mutane. Kuɗin da aka fanso ta daga awakin uwargidansa da rabonta na asusu suka fito. Duk wanda ke zaune a wurin ya sani, ba a taɓa faɗa a bainar jama'a ba, ni ma ban faɗa ba.

Kawun yaron ne ya fara miƙewa, ya ce sai da safe. Saura suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Yaya ya zubar da ganyen shayi, ya kife kofuna, ya ce mini, "Ka iya labari." Ya shige gida.

Da hantsi ina ɗaure jakata sai na ji muryarsa daga wajen rumbuna. Yarinyar sunan mahaifiyarmu ta ci, don haka ba ya kiran sunanta.

"Uwata, zo nan. Abin da ya rage cikin rumbun nan, zai kai mu sabon hatsi?"

Ta zo ta durƙusa. Ta ce, "Ba zai kai ba, Baba. In ana ɗibar tiya huɗu kullum, saura kwana 19. Gonar gabas kuwa sai nan da wata guda a fara taɓa ta."

Ya yi shiru. Sannan ya ce, "To, sai a sake komawa wurin mutane ke nan."

Ta ce, "Waken Inna na nan, tiya 40. Yanzu tiyar wake biyu na sayen ta hatsi uku. In aka fitar da 30 a kasuwar nan mai zuwa, kafin sabo ya fito ya karya shi, za a cike kwanakin. Bara ma haka ya yi, mako biyu bayan nan ya faɗi."

"Wa ya gaya miki yadda ya yi bara?"

"Na rubuta, Baba."

"Ɗauko in gani."

Yaya ajami ya iya, bai iya boko ba. Ya karɓi littafin da hannu biyu, ya juya shafi, ya sake juyawa, ya daɗe a kan wanda aka ja wa layi a tsakiya. Sannan ya zauna a kan turmin da ke kife, ya ce ta karanto masa tun daga farko. Ɗan kabu-kabu na ta danna oda a waje. Duk zuwan da nake yi Yaya kan raka ni har bakin rijiya, ran nan daga zaune ya ɗaga mini hannu. Na waiga daga ƙofa, na ga yatsanta a kan shafi, shi kuma ya karkato kunne.

Har yau da nake wannan rubutu ba a sa rana ba, ba a kuma ce an fasa ba. An sayar da waken. Saura mako uku a buɗe makarantu.